Kwano Ɗaya da Suruki

Ina tsakiyar ɗinke bakin buhunan albasa a tashar Bawku wayar Firdaus ta shigo. Firdaus ƙanwata ce, tana aure a Salaga, ga ta da tsohon ciki, kuma ba ta kira na da safe sai in da magana. Ko sallama ba ta yi ba.

"Yaya Zuleha, za su tafi da Mma."

"Su wa? Ina?"

"Mutanen gidanmu. Wai mayya ce."

Na ce ta sake faɗa, don na zaci ƙarar lori ce ta toshe min kunne. Ta sake faɗa tana kuka. Wallahi allurar buhun da ke hannuna ban san lokacin da ta faɗi ba.

Mahaifiyarmu, Mma Abibata, a Bawku aka haife ta, a nan ta tsufa. Bara da harbe-harbe suka kai unguwarmu muka lallaɓa ta ta koma wurin Firdaus kafin abin ya lafa, ni kuma na tsaya saboda kasuwa. Gidan da Firdaus take babban gida ne na gado. Mijinta Sidiku yana ɓangare ɗaya, wansa Saaka yana ɗaya ɓangaren da iyalinsa, kuma maganar Saaka ita ce maganar gida.

Da ƙyar na tattaro zancen daga bakin Firdaus. 'Yar Saaka, Anisatu, zazzaɓi ya kwantar da ita, cikin sambatu sai ta riƙa kiran "Mman Bawku, Mman Bawku." Ita kuwa Mma ta daɗe ba ta fitowa tsakar gida. Idanunta sun yi ja suna zubar ruwa, ba ta son haske. Gefen bakinta ya tsattsage. Wata rana ta yi hamma a gaban Lamisi, matar Saaka, Lamisi ta ga harshenta ja wur. Shi ke nan aka haɗa wannan da wancan. Saaka ya ce bayan sallar Juma'a za a sa ta a mota a kai ta wani ƙauye a bayan Yendi, inda ake kai tsofaffin matan da aka zarga da maita.

Na san ƙauyen, duk mai bin hanyar nan ya san shi. Ban taɓa jin wadda aka kai ta dawo gidanta ba.

"Ɗauki hoton bakinta ki turo min," na ce. "Kuma ki gaya wa Saaka ina hanya. In ya taɓa min uwa kafin in iso, ni da shi ne."

Fita daga Bawku ba kamar da ba ne. Sai an tara motoci sojoji sun raka su. Na bar wa maƙwabciyata albasa, na zauna a mota muna jira, rana tana dukan rufin, ni kuma ina kallon hoton da Firdaus ta turo. Bakin Mma ne, amma kamar ba nata ba. Leɓɓan sun bushe sun dare, kusurwa biyun sun yi ɓawo da ɗan jini. Wannan matar da ke tauna goro tana dariya har ka ga dasashinta. Na kife wayar a cinya, na sake ɗagawa, na sake kifewa.

A Yendi na sauka, don dole a canja mota, kuma ina da mutum a can. Mubaraka tare muka tashi a Bawku, yanzu nas ce. Na same ta ta tashi daga aiki tana sayen waken suya a bakin titi. Ban bari ta gama murnar ganina ba na tura mata wayar a fuska.

Ta daɗe tana kallo. Ta buɗe hoton da yatsu biyu.

"Idonta fa? Yana ƙaiƙayi? Tana gudun rana?"

"Haka Firdaus ta ce."

"Me take ci?"

"Me take ci kamar yaya? Gidan masu hali ne, Mubaraka. Sidiku doya yake kaiwa Kumasi. Tukunyarsu ba ta rabuwa da nama."

"Ban tambaye ki abin da ke tukunya ba. Kira Firdaus."

Na kira, na sa kowa ya ji. Firdaus ta ce da safe koko, da rana doya, da yamma tuwo. Naman fa? Naman yana dawowa a kwano yadda aka kai shi. Kifi ma haka. Ƙwai yara take ba. Madarar gwangwani da Sidiku ya saya mata tana nan a kan taga ba a fasa ba. Ko miyar ma gefe-gefe take dangwala.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanta."

Na dafe kai. Ni na san dalili tun kafin a faɗa. Mma irin mutanen da ne. A wurinta a ce suruka ta zauna a gidan mijin 'yarta tana tauna namansa, gara ta kwana da yunwa. A Bawku kullum sai ta sha nono, ga ƙwan zabi, ga wagashi, cukun nan na Fulani. Ta zo gidan suruki kunya ta ɗaure mata baki.

Mubaraka ta ce, "Ba zan rantse a kan hoto ba, sai an gan ta an duba jininta. Amma wannan ya yi kama da rashin bitamin B2, ribofilabin. A nono yake, da ƙwai, da hanta, da nama, da ganye. Masara da doya kaɗan suke da shi, kuma jiki ba ya ajiye shi da yawa. In ya yi ƙaranci baki ne ke fara faɗa, sai harshe, sai ido."

"Yana kisa?"

"Shi kansa ba kasafai ba. Mutanen da ke kallon bakin ne abin tsoro." Ta ja ni zuwa kantin magani, ta sa aka ba ni ƙwayoyi 'yan ƙanana masu ruwan ɗorawa. "Kullum ta sha. Za ki ga fitsarinta ya yi rawaya sosai, kada ki firgita, rarar ce ke fita. Amma ki ji ni da kyau, Zuleha, ƙwaya taimako ce kawai. Sai ta ci abinci. Kuma ba yau-yau zai warke ba, sai an yi kwanaki."

"Juma'a jibi ce."

"To ki nemo kwanakin."

Na bi ta Bimbilla, hanyar nan mai karya ƙugu, na isa Salaga washegari da la'asar. A ƙofar gidan na tarar da Saaka a kan benci da carbi. Ban taɓa ƙin mutumin nan ba, in faɗi gaskiya. Dattijo ne mai fara'a, shi ya karɓi Mma hannu biyu ranar da ta zo. Amma ranar nan idonsa ya faɗa, ka gani ka san bai yi barci ba.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na zayyana masa abin da Mubaraka ta ce, na nuna masa ƙwayoyin.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Zuleha, tambaya ɗaya zan yi miki. Wata nawa tsohuwar nan tana gidan nan ba ta taɓa sa namanmu a baki ba. Ga bakinta kuma da jini, harshe ja. To naman wa take ci?"

"Yaya Saaka, ka ji tsoron Allah! Kunyar ƙanenka take ji!"

"'Yata tana ciki tana kiran sunanta."

"Don ita ke ba ta ƙwai! Wa kake so ta kira, ni?"

Muryata ta tara mutane. Sidiku ya fito ya tsaya a bayan wansa, kansa a ƙasa kamar an jiƙa kaza. Na juya kansa. Na ce, "Kai kuma ba ka da baki? Matar da ta ba ka 'ya?" Ya ce, "Yaya, a yi haƙuri." Abin da ya iya faɗa ke nan. Na so in kwaɗa masa jakar hannuna.

Da na ga faɗa ba zai yi ba na sauko. Na roƙi mako guda. Na ce a kai Anisatu asibiti, ni kuma a bar ni da uwata. In Juma'a ta sama ta zo bakin bai canja ba, a yi yadda aka ga dama. Na faɗi haka ne don na yarda da Mubaraka, amma da maganar ta fita sai da gabana ya faɗi. Saaka ya ja carbinsa ya ce ya ji, Juma'a ta sama.

Ɗakin Mma duhu, an rataya zane a taga. Tana zaune a kan tabarma ta juya wa ƙofa baya. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Wa ya ce ki zo? Kin bar kayan mutane a tasha?"

"Mma, me ya sa ba kya cin abinci?"

"Ina ci."

"Nama fa?"

"A gidan wa?" Ta juyo ta harare ni da jajayen idanun nan. "Na zo na tare masa ɗaki, ina shan ruwansa, sannan in zauna ina sheƙe masa nama? Ke ba ki da kunya, kin ɗauka kowa ma haka yake."

Kuka ya zo min, na haɗiye shi, don in na yi kuka a gaban Mma ta ci ni da yaƙi. Na ba ta ƙwaya. Ta juya ta a tafin hannu ta ce wannan ɗan abin ne zai hana Saaka? Na ce ta sha kawai. Ta sha.

Washegari na shiga kasuwa na sayo hanta da ƙwan zabi da nono wurin Fulani. Na dafa a murhu na daban, a tukunyar da na aro a waje, na kai mata na ce wannan nawa ne, ko gishirin Sidiku babu a ciki. Sai da ta sa na rantse sannan ta ci, a hankali, tana runtse ido saboda zafin bakin. Sidiku kuwa ya ɗauki Anisatu a babur ya kai ta asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata yawa, aka kwantar da ita.

Ana haka wata safiya na ji ihun Lamisi a bayan gida. Ta ga Firdaus za ta zubar da fon fitsarin Mma, ta leƙa, ta ga fitsari rawaya shar kamar an jiƙa rini. Kafin ka ce me mata sun taru suna salati. Na fito da ƙwayoyin, na watsa biyu a bakina a gabansu na kora da ruwan buta.

"Lamisi, an jima ki biyo ni bayi ki duba nawa. In kina so ma ga naki, mu zama mayu mu uku."

Wasu suka yi dariya suka rufe baki. Lamisi ba ta yi ba. Ta ce, "Dama ai maita a nonon uwa ake shan ta." Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta zauna min a ƙirji.

A hankali bakin ya fara haɗewa. Ɓawon ya faɗi, jan harshen ya ragu. Ran Laraba na shiga na tarar Mma ta cire zanen taga da kanta tana tsefe kai a cikin haske. Ran Alhamis aka sallamo Anisatu, ta shigo gida da ƙafarta. Na ce alhamdulillahi, an gama. Har na fara tambayar motar Yendi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Na fito da gudu ba ko takalmi. Tasi ce, direban ya buɗe but yana jira. Saaka ya shigo da dattawa biyu na danginsu, matan gida duk sun fito, maƙwabta sun cika zaure.

"Yaya Saaka, motar me ce wannan? Mma, fito su gani! Buɗe bakin!"

Mma ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki. Ba ta buɗe baki ba, ba ta ma buƙata, kowa yana ganin fuskarta ta washe.

Saaka ya ce, "Na gani. Abin da nake tsoro ke nan. Tun da aka sa mata ido ta daina, bakinta ya warke. Ta saki yarinya, yarinya ta tashi. A mako ɗaya, Zuleha. Ke ba ki ga yadda suka tafi tare ba?"

Na ce magani ne, na ce hanta ce da nono, na ce a kira Mubaraka a waya, na ce a tambayi likitan da ya duba Anisatu. Na yi ta magana har muryata ta dushe. Da bakin bai warke ba, mayya ce. Ya warke, mayya ce. Ban taɓa jin na rasa ƙofa irin ranar ba, sai na ji ina neman abin da zan ɗauka in fasa gilashin motar.

Ɗaya daga cikin dattawan, wani mai farin gemu, ya ɗaga hannu. Ya ce shi abin da ya taso ya ji a gidansu, mayya ba ta haɗa hannu a kwano ɗaya da namijin gidan da ta kama. In tsohuwa za ta ci nama kwano ɗaya da ɗan gidan nan a gaban jama'a, shi dai ya janye. Ya dubi Saaka. Saaka ya ce ya yarda, amma ba da shi ba.

"Ni zan ci da ita."

Sidiku ne. Sai da kowa ya juya, don an manta yana wurin. Ya shiga madafa da kansa, ya fito da kwanon miya da naman akuya, ya ajiye a tsakar gida, ya zauna a ƙasa ya naɗe hannun riga.

"Mma," ya ce, bai ɗaga kai ba, "don Allah."

Mma ta dubi kwanon. Ta dubi taron. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya ciki. Na ɗauka hannu za ta wanke. Sai ga ta da ƙullin kayanta.

"A kai ni," ta ce.

"Mma!"

"Na ce a kai ni. Ban ci a ɓoye ba, sai a gaban gari? Da shi? Allah ya kiyaye."

Na sha gabanta na riƙe ƙullin. Na ce, "Kin san inda za su kai ki? Kin san matan can ruwa suke ɗebo wa mutane kafin su ci? Saboda loma ɗaya, Mma? Loma ɗaya!" Ta ce in sake ta kafin ta saɓa min. Muka yi ta ja, ni da uwata, a gaban mutane. Ta fi ni taurin kai tun ina goye, kuma na ga ta riga ta gama shawara. Ta fizge ƙullin ta nufi zaure, mutane suna darewa suna ba ta hanya kamar wuta ce.

Firdaus ta biyo ta da tsohon cikinta tana kuka, za ta karɓi kayan. Lamisi ta janye Anisatu daga kusa da Firdaus, ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji:

"Saura wadda ta sha nonon. Da wanda ke cikin."

Mma ta tsaya.

Ba ta juyo nan take ba. Ina kallon bayanta, ina kallon yadda ƙullin ke sauka daga hannunta har ya taɓa ƙasa. Sannan ta juyo ta dubi Firdaus, ta dubi cikin, ta dubi matan da suka riga suka ja baya daga inda Firdaus take tsaye.

"Zuleha, ba ni ruwa."

Na kawo buta. Ta wanke hannu. Ta taka zuwa tsakar gida, ta zauna a ƙasa gaba da gaba da mijin 'yarta, ta sauke mayafin daga fuskarta. Ana jin injin tasi a waje. Ta yi bismillah. Ta sa hannu, shi ma ya sa. Ta ɗauko tsoka ta kai baki ta tauna, ido a buɗe, tana kallon Saaka. Ta haɗiye. Ta sake ɗaukowa. Sidiku yana ci hawaye na zuba cikin miyar. Ba ta tsaya ba sai da naman ya ƙare, ta ɗauki ƙashin ƙarshe ta tsotse shi, ta ajiye a gefen kwano.

Dattijon mai farin gemu ya ce, "To, magana ta ƙare," ya saka takalmansa. Saaka ya fita ya sallami direba. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Ni na zaci zan yi guɗa. Ban iya ba, don ina ganin fuskar Mma.

Ta miƙa hannu na zuba mata ruwa. Ta dafa ƙasa ta tashi, ta ƙi in taimaka mata. Sidiku yana nan zaune, ya ce, "Mma, ki yafe mana." Tun ranar da ya zo neman auren Firdaus bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ta tsaya a kansa, ta dube shi kamar yadda ake duban kowane mutum a hanya.

"Sidiku," ta ce, "na ci. Kwashe kwanonka."

Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.